E. M. Forster, marubucin da ya ji ƙugin na'ura tun 1909

Daren da wuta ta ɗauke a unguwarmu ta Hausawa da ke New Bell a Duwala, fanka ta tsaya, firji ya yi tsit, sai na tuna da E. M. Forster. An haife shi a Landan a 1879. Bai cika shekara biyu ba mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Ya yi karatu a Kambirij, ya zaga Indiya, lokacin yaƙin duniya na farko kuma ya yi wa Red Cross aiki a Iskandariya ta Masar.

An fi saninsa da littafin A Passage to India na 1924, amma ni gajeren labarinsa na 1909, The Machine Stops, shi ya tsaya mini a rai. A ciki mutane na zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, na'ura ke ci da su, uwa da ɗa ma ta allo suke gaisawa. Na'urar tana wani ƙugi ba dare ba rana. Cikinsa aka haife su, har kunnensu ya daina jin sa, kamar yadda suka daina ganin bautar da suke ciki. Ranar da ƙugin ya yanke, shirun kaɗai ya kashe dubbai.

Forster ya rasu a 1970 yana da shekara 91, bai ga wayar hannu ba. Ni kuwa a daren nan cajin tawa ya ƙare, sai na jiyo tarin mahaifiyata daga ɗakinta. Ashe kwana uku ke nan tana yi, ban sani ba.