Dokta Peyton Rous, Likitan Da Ya Gano Ƙwayar Ciwon Daji A Jikin Kaza

An haifi Peyton Rous a birnin Baltimore na ƙasar Amurka ran 5 ga Oktoba, 1879. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa ce ta ɗauki ɗawainiyar karatunsa har ya shiga Jami'ar Johns Hopkins. Yana cikin koyon aikin likita ya yanke a yatsa wajen binciken gawar wani mai tarin fuka, cutar ta kama shi. Sai da ya shekara yana kiwo a jihar Texas kafin ya murmure, ya sami digirinsa a 1905.

A 1909 ya kama aiki a Cibiyar Rockefeller da ke New York. A nan ne aka kawo masa wata kaza mai ƙarin ciwon daji a ƙirji. Ya yanko ƙarin, ya niƙa, ya tace da matacin da ko ƙwayar bakteriya ba ta iya ratsawa, sa'an nan ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan. Su ma ƙari ya fito musu. A 1911 ya bayyana cewa ƙwayar cuta ta bairas na iya haddasa ciwon daji.

Manyan likitoci suka yi watsi da maganar, suka ce wannan lalurar kaji ce, ba ruwan ɗan Adam da ita. Rous ya koma binciken jini. Shi da abokin aikinsa J. R. Turner suka gano hanyar ajiye jini makonni ba tare da ya lalace ba, wadda da ita aka kafa rumbun jini na farko don sojoji a 1917. Sai a 1934 ya dawo kan ciwon daji.

Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse ya sha romonsa. A 1966, bayan shekara 55, aka ba shi lambar Nobel yana da shekara 87. Ya rasu ran 16 ga Fabrairu, 1970.

Ƙwayar kazar nan ba ta daina amfani ba. Da ita Michael Bishop da Harold Varmus suka nuna a 1976 cewa ƙwayar halittar da ke tayar da ƙarin daga jikin lafiyayyar kaza ta samo asali, kuma mutum ma yana ɗauke da irinta. Daga nan likitoci suka fahimci cewa ciwon daji kan taso ne idan irin waɗannan ƙwayoyin halitta na jikinmu suka gurɓace.