Sarkin Kano Muhammadu Abbas (1903–1919)

Muhammadu Abbas ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, kuma shi ne Wamban Kano a zamanin Sarki Alu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, shi ya jagoranci mutanen da suka komo gida bayan yaƙin Kwatarkwashi, sannan Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki.

A zamaninsa ne Kano ta soma bunƙasa a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya kankama, baƙi suka yi ta kwararowa. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka kuma ba fataken Sham da Labanon filaye a Fagge ta Kudu, inda kantunansu suka zama tushen kasuwar Kantin Kwari.

Ko da yake tsarin mulkin ya nuna Sarki da Razdan suna aiki tare, ikon bai zo ɗaya ba. Birni ya ci gaba da zama a hannun Sarki da alƙalansa, amma Sabon Gari aka sa shi ƙarƙashin jami'in Bature, bai dawo hannun En'e ba sai 1940. Saboda haka, wanda ya riƙe iko shi ya shata iyakokin unguwanni, ya kuma zaɓi mazaunansu.

Abbas ya rasu a 1919, ɗan'uwansa Usman ya gaje shi.