Sarki Muhammadu Rumfa, Maginin Birnin Kano

'Yan'uwa, mu mazauna Sabon Gari da Fagge mun sha jin labarin gine-ginen Roma daga bakin masu zuwa ziyarar ibada. Amma idan baƙo ya sauka a gidanmu ya ce a nuna masa Kano, yawancinmu kasuwa kaɗai muke kai shi. Ya kamata mu san mutumin da ya shata fasalin birnin da muke zaune a gindinsa.

Shi ne Muhammadu Rumfa, ɗan Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A cikin waɗannan shekaru ne Paparoma Sistus na 4 ya gina Majami'ar Sistin a Roma.

Rumfa ya tarar da ganuwa, gama Sarki Gijimasu ne ya soma ta tun wajen ƙarni na 12. Shi faɗaɗa ta ya yi, ya kuma kafa sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, wadda ita ce fadar Kano har yau, daga Haɓe zuwa Fulani. Kusa da ita akwai Gidan Makama, inda aka ce ya zauna kafin a gama fadar. Yanzu gidan tarihi ne. Wanda ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi rufin: tubali ne da azara, an lanƙwaso su sun haɗu kamar bakan gizo. An sha sabunta ginin, domin ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, amma dabarar ta magina na dā ce.

Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, wadda ta jawo fatake daga ƙetaren Sahara. Fagge kanta zangon ayarin Azbinawa ce a dā.

A sha'anin mulki ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini. Wajen 1492 ya karɓi malamin nan al-Maghili, wanda ya rubuta masa littafi kan wajiban sarki. Ba dukan abin da ya bari ne na yabo ba: kulle da shi ya soma a fada, kuma ya shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba wanda ya yi rinjaye. Da ya rasu, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.

Daga Fagge zuwa Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Ganuwar kuwa, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gina gidaje sun riga sun cinye mafi yawanta.