Oumarou Ganda: Ɗan dakon Abijan da ya fara kai Nijar kan gaba a fim ɗin Afirka

A ranar 1 ga Janairun 1981 Allah Ya yi wa Oumarou Ganda rasuwa, yana da shekara 45 a duniya. A ɗan wannan lokaci ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi aikin tattara bayanai, ya fito a fim, sannan ya zama mai shiryawa da ba da umarni. Shi ne mutum na farko da ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO.

An haife shi a Yamai a shekarar 1935, cikin Zabarmawa, lokacin Nijar na ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Ya yi karatun firamare a nan Yamai. Yana ɗan shekara 16 ya shiga rundunar sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochina, yankin da a yau ya ƙunshi Vietnam da Laos da Kambodiya. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, sojojin da ta ɗebo daga Afirka suka koma garuruwansu.

Ganda ya dawo gida bai samu aikin yi ba. Sai ya bi sahun dubban samarin Nijar na wancan zamani da ke gangarawa bakin teku neman kuɗi, wasu Kumasi da Akara, wasu Abijan. Shi Abijan ya nufa. Ya sauka a unguwar Treichville, matattarar baƙi, yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa, ana biyansa a yini.

Haɗuwa da Jean Rouch

A can ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. A lokacin Rouch yana bincike kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani ƙasashen bakin teku, ya ɗauki Ganda aikin tattara bayanai a tsakanin 'yan'uwansa baƙi.

Daga wannan bincike ne fim ɗin Moi, un Noir ya samo asali, wanda ya fito a 1958. Fim ɗin ya bi rayuwar wasu samarin Nijar a Treichville na tsawon mako guda: neman aiki da safe, dako, rashin kuɗi, rawa da dambe a ƙarshen mako. Kowannensu ya ari sunan wani tauraron fim ɗin Turawa, Ganda ya ɗauki na Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka.

An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba. Daga baya aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana a kai, yana faɗin abin da ya zo masa a rai. Muryarsa ce ta riƙe fim ɗin, musamman wajen ƙarshe, inda yake tafe a bakin ruwa yana kwatanta yadda aka yi yaƙi a Indochina da yadda ya tashi a tutar babu.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi matuƙa. Sai dai sunan da ya ɗaukaka na Rouch ne. Rayuwar ta Ganda ce, kalmomin nasa ne, amma kyamara da hukuncin abin da za a yanke ko a bari suna hannun wani. Bayan wasu shekaru Ousmane Sembène na Senegal ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari.

Kyamara ta koma hannunsa

Ganda ya koma Yamai, wadda ta zama babban birnin ƙasa mai 'yanci tun 1960. Ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, inda ake koya wa matasa riƙon kyamara, ɗaukar sauti da haɗa hoto. A wannan zamani ne Moustapha Alassane ya fara fitar da nasa fina-finan, ciki har da na zane mai motsi.

Fim ɗin Ganda na farko shi ne Cabascabo, baƙi da fari, mai tsawon kusan minti 45, da harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga Indochina da kuɗi a aljihu. Abokai da mata suka yi masa caa, aka ci aka sha. Da kuɗin suka ƙare kowa ya watse, ya koma neman aikin lebura ana wulaƙanta shi, a ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi gona.

Abin da ya faɗa da baki a fim ɗin Rouch ne ya sake bayarwa, amma a wannan karon shi ke zaɓen inda kyamara za ta tsaya. An nuna Cabascabo a bikin Cannes na 1969, a sashen da masu sharhin fim ke zaɓa, kuma ya samu lambar yabo a bikin Mosko na wannan shekara.

Kyautar Wagadugu

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya shiga cikin gida. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido kan wata budurwa da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi da girman suna suka yi aiki, aka ɗaura aure, saurayin ya bar gari, kishi kuma ya kai ga zubar da jini. Zalika Souley, wadda ta fito a fina-finansa da dama, ta taka rawar kishiya.

An fara bikin FESPACO a Wagadugu a 1969, amma sai a 1972 aka fara gasa da ba da babbar kyauta mai suna Étalon de Yennenga. Le Wazzou polygame ne ya ɗauke ta, sunan Nijar ya zama na farko a jerin.

Daga nan ya fitar da Saïtane, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu da ke amfani da amanar da aka ba shi yana haɗa matar aure da wani mai kuɗi. Ganda bai yi wa addini ba'a ba. Masu fakewa da rawani da carbi suna cin dukiya da mutuncin jama'a ya tona. Fitar da irin wannan fim a Yamai ta farkon shekarun 1970 yana buƙatar ƙarfin hali.

Fim ɗinsa na ƙarshe da ya kammala shi ne L'Exilé na 1980, wanda ya gina kan tatsuniya. Wani sarki ya ji samari biyu suna cewa za su ba da kawunansu in har za su auri 'ya'yansa. Ya aura musu, da wa'adi ya cika ya nemi a cika alkawari. Jigon fim ɗin shi ne nauyin magana da abin da ke biyo bayan saɓa ta.

Ban da fina-finan labari, ya shirya wasu na gaskiya, waɗanda ake ɗaukar abu yadda yake faruwa, ciki har da wanda ya yi kan halartar Nijar a bikin Carthage na Tunisiya. Yana cikin aikin wani irinsa ne ajali ya riske shi.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa an sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, wadda mazauna birnin suka fi sani da CCOG, inda ake wasan kwaikwayo da kiɗe-kiɗe. FESPACO kuma ta ware kyautar Oumarou Ganda ga mai ba da umarnin da ya yi fice a dogon fim ɗinsa na farko. Cikin waɗanda suka ci ta akwai Newton Aduaka na Najeriya, da fim ɗinsa Rage a 2001.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Zalika Souley ta rasu a 2021.

Matasan Nijar da Arewacin Najeriya har gobe suna fita neman abinci, wasu Legas da Abijan, wasu ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Galibin fina-finan da duniya ke gani a kansu baƙi ne ke zuwa su ɗauka. Ganda ya san wannan matsayi, domin ya tsaya a gaban kyamarar wani yana ɗan ci-rani. Bayan shekara goma ya koyi sana'ar, ya ba da labarin da harshensa, kuma daga Yamai ya yi hakan.