Ansel Adams: Mai Hoton Da Ya Haddace Hasken Wata

A hutun da ya wuce kawuna, wanda ya yi zamaninsa yana sana'ar ɗaukar hoto, ya miƙo min wata tsohuwar na'urar auna haske ƙirar Weston. Ba ta cin batir, hasken da ya faɗa mata ne ke motsa allurarta. Fim guda cur na ɓata da ita: farar babbar rigar da na ɗauka ta fito min toka-toka. Garin neman dalili ne na ci karo da tarihin Ansel Adams.

An haife shi a San Francisco ta Amurka a 1902. Yana ɗan shekara 4 girgizar ƙasar 1906 ta kayar da shi, hancinsa ya karye, haka ya zauna a karkace har ƙarshen rayuwarsa. Zaman aji bai karɓe shi ba. Yana shekara 12 mahaifinsa ya mayar da karatunsa gida, shi kuma ya duƙufa koyon fiyano. A 1916 iyayensa suka kai shi kwarin Yosemite, suka ba shi 'yar kyamara Kodak Brownie. A hankali hoto ya ture kiɗa.

Wajen 1940, shi da Fred Archer suka raba haske zuwa matakai, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 10, fari fat. Kowane mataki ninkin hasken na bayansa ne. A nan na gane kuskurena. Ashe na'urar ba ta san fari ko baƙi ba. Duk abin da ka nuna mata, lissafin da zai mayar da shi toka take ba ka, wato mataki na 5. In farar riga ka auna, sai ka ƙara haske mataki biyu. In inuwa ce mai duhu, ka rage biyu.

Ranar 1 ga Nuwamba 1941, da yamma, yana tuƙi kusa da ƙauyen Hernandez a jihar New Mexico, sai ya hango wata ya fito, ga hasken rana na ƙarshe a kan fararen gicciyen maƙabarta. Ya tsaya, ya kafa babbar kyamararsa, ya nemi na'urar awo sama ko ƙasa ya rasa. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Sai ya tuna ya haddace ƙarfin hasken wata, kyandir 250 a kowace murabba'in ƙafa. Da ka ya yi lissafin, ya buɗe kusan daƙiƙa ɗaya a f/32. Kafin ya ɗauki na biyu, hasken ya bar gicciyen. Wannan guda ɗayan yana cikin hotunansa da suka fi shahara.

A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba shi lambar girmamawa mafi girma da farar hula ke samu a Amurka. Ya mutu a 1984, yana da shekara 82.

Ni dai yanzu, 'yan uwa ɗalibai, kafin in dubi allura sai na fara rubuta hasashena a littafi, sannan in gwada. Har yau ina kuskure, amma ya ragu. Fim ya yi tsada, kuma watarana na'urar za ta ɓace min a jaka lokacin da nake tsananin buƙatarta.