Alois Alzheimer, likitan da ya leƙa ƙwaƙwalwar mai mantuwa

A nan Walia idan tsohuwa ta fara mance sunan jikokinta, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, sai mu ce rikicin tsufa ne, wasu ma su ce iska ce ko sammu. Ni dai a ganina duk mai tsoho a gida ya kamata ya san mutumin da ya nuna cewa sau da yawa ciwo ne a naman ƙwaƙwalwa.

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a kudancin Jamus. Ya karanci likitanci a Berlin, Tübingen da Würzburg, a 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. Da rana yana tare da majinyata, da dare yana kan madubin likita shi da abokinsa Franz Nissl.

A 1901 matarsa ta rasu ta bar masa yara uku. Cikin Nuwamban shekarar aka kawo masa Auguste Deter, mai shekara 51. Tana zargin mijinta ba gaira ba dalili, tana ɓacewa a cikin gidanta, ko sunanta ta fara rubutawa sai ta mance kafin ta gama. Abin da ya burge ni da shi, bai ce hauka ce kawai ya wuce ba. Ya zauna yana yi mata tambayoyi yana rubutawa, ko bayan ya koma Munich a 1903 bai daina bin labarinta ba. Da ta rasu a Afrilun 1906 aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya rina ta da sinadarin azurfa, sai ya ga dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da kuma wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. Ya kai bayanin taron likitoci a Tübingen a Nuwamban 1906, wai ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba. Sai a 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunansa.

To, mene ne zaruruwan nan? Sai wajen 1986 aka gane cewa wani furotin ne mai suna tau. Ƙwayar jijiya doguwa ce, a cikinta akwai siraran hanyoyi da tau yake riƙe da su. A kansu ake jigilar mitokondiriya, wato 'yan injinan da ke ba ƙwayar ƙarfi, har zuwa ƙarshenta inda take miƙa saƙo ga ta gaba. Kalsiyam ne ke tsayar da su. Inda aiki ya yi yawa sai ya ƙaru, wani furotin mai suna Miro da ke jikin mitokondiriya ya ji shi, ta tsaya nan ta ba da ƙarfi, ta kuma shanye rarar kalsiyam ɗin. Idan tau ya saki hanya ya cukurkuɗe, kalsiyam kuma ya wuce ƙima, jigila takan lalace. Kun ga yadda muke idan gadar Chagoua ta cushe, kaya na can cikin Njamena, mu muna nan muna jira. Haka ƙarshen jijiyar yake zama ba ƙarfi, shi ke fara lalacewa, mantuwa ta biyo baya. Hanyar da ta rushe ce Alzheimer ya gani a madubinsa, shekara tamanin kafin a san sunan abin da ke cikinta.

A 1912 aka ba shi farfesa a Breslau, garin da yau yake cikin Poland. Tun a jirgin ƙasa ciwo ya kama shi, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya mutu ranar 19 ga Disamba 1915 yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa. Takardun jinyar Auguste, da rubutun hannunsa a ciki, sai a 1995 aka sake gano su a Frankfurt.