Grace Hopper: Matar da Ta Auna Lokacin Kwamfuta da Guntun Waya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta tana jan ƙafa ya san akwai abin da ke cin ƙarfinta. Kowace manhaja da ke aiki tana cin lokacin na'ura, tana kuma cin gurbin ajiya. Matsalar ita ce ido ba ya ganin wannan ci, abin da ba a gani kuwa da wuya a yi tattalinsa. A wannan ɗan rubutu za mu duba rayuwar Grace Hopper, Ba'amurkiyar da ta yi shekaru tana koya wa mutane ganin abin da manhaja ke cinyewa.

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Grace a birnin New York ranar 9 ga Disamba, 1906. Tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogunan gidansu har guda bakwai don ta ga yadda suke aiki. Ta yi digirinta na farko a fannin lissafi da kimiyyar fiziks a Kwalejin Vassar a 1928, ta sami digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934. Ta koyar a Vassar har zuwa 1943, lokacin da ta shiga rundunar sojan ruwa ta Amurka ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Aikinta da Kwamfuta

A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, inda ta yi aiki a ƙarƙashin Howard Aiken da wata makekiyar na'ura mai suna Mark I. Tsawon na'urar ya kai kimanin mita 16, amma lissafin tarawa uku kacal take yi a sakan ɗaya, ninkawa kuwa takan ɗauki kusan sakan shida. Sojoji na jiran amsa, na'urar kuma guda ɗaya ce. Don haka tilas mai rubuta umarni ya ƙirga abin da kowane mataki zai ci kafin ya miƙa aikinsa. A nan Grace ta koyi tsimin lokacin na'ura.

A 1949 ta koma kamfanin Eckert da Mauchly, masu ƙera kwamfutar UNIVAC. A 1952 ta fito da A-0, wata manhaja mai aiki kamar tafinta, wadda ke harhaɗa umarnin ɗan'adam ta mayar da shi abin da na'ura za ta gane. Masana da dama sun yi shakka, domin a ganinsu umarnin da tafinta ya haɗa zai fi wanda gwani ya rubuta da hannu cin lokacin na'ura. Grace da abokan aikinta suka amsa da awo: suka lissafa lokacin na'ura da na ma'aikata gaba ɗaya, suka nuna cewa abin da aka rage wa mutum ya fi abin da aka ƙara wa na'ura. Daga nan ta jagoranci samar da FLOW-MATIC, harshen umarni mai amfani da kalmomin Ingilishi, wanda ya zama ginshiƙin harshen COBOL a 1959. Wannan abin lura ne gare mu ɗaliban harshe, domin aikin fassara ne ta ɗora wa na'ura.

Darasin Guntun Waya

Abin da ya fi fito da ita fili shi ne guntayen wayar lantarki da take rabawa a wuraren lacca. Tsawon kowane guntu kimanin santimita 30 ne, wato iyakar nisan da lantarki zai iya tafiya a cikin nanosakan ɗaya, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Sai kuma ta ɗaga wani nadin waya mai tsawon kusan mita 300, wanda ke matsayin maikurosakan ɗaya, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Takan shawarci masu rubuta manhaja da su rataye irinsa a kan teburinsu, don su san abin da suke zubarwa duk lokacin da suka yi sakaci. Da guntun wayar nan ta bayyana wa manyan hafsoshi dalilin jinkirin saƙo ta tauraron ɗan'adam: guntaye nawa za a jera daga ƙasa zuwa can? Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Rasuwarta

Grace ta bar aikin soja a 1986 tana da shekara 79, da muƙamin Riya Admiral. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 2016 gwamnatin Amurka ta karrama ta da lambar yabo ta 'yanci ta shugaban ƙasa.

Kammalawa

A yau mai amfani da Windows yana iya buɗe Task Manager, mai Linux kuma ya rubuta umarnin top, ya ga kason ƙarfin na'ura da na gurbin ajiya da kowace manhaja ke ci. Kwamfutoci sun ninka Mark I sauri nesa ba kusa ba, duk da haka manhaja guda da aka rubuta da ganganci tana iya tsayar da su cak. Wanda ya buɗe wannan taga ya gano mai cin ƙarfin kafin ya ɗora wa na'ura laifi, darasin Grace Hopper yake aiki da shi.